Turanci Ta Ƙofar Hausa: Bitar Aikin KaLMA Daga Kudancin Kano

Aji huɗu na firamare shi ne inda yaran karkarar Kano da yawa suke rabuwa da karatu, alhali kullum suna zaune cikin aji. Tsarin ilimi na ƙasa, tun daga wanda aka fitar a 1977 har gyare-gyaren da suka biyo bayansa kafin 2022, ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu, daga aji huɗu kuma Turanci ya karɓi ragama. A takarda abin ya tsaru. A cikin aji kuwa, malami zai cika allo da Turanci, ya karanta jimla, yara su maimaita da ƙarfi har a jiyo su daga bakin titi. Ya tambaya ko sun gane, su amsa baki ɗaya cewa sun gane, sannan a shiga kwafa. Ka karɓi littafin wata yarinya, ka ga rubutu tsaf, layi bisa layi. Ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya cikin abin da hannunta ya rubuta, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Turancin bai shige ta ba, Hausar da take yi tun tana goye kuma ba a taɓa zaunar da ita an koya mata karanta ta ba.

Irin wannan yarinya aka nufa da aikin da ake kira KaLMA, wato shirin gaggauta koyon karatu da lissafi na Jihar Kano. An ƙaddamar da shi a watan Oktoba na 2019, da haɗin gwiwar Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kano, da Ma'aikatar Ilimi, da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, tare da British Council da ƙungiyar TaRL Africa, kuɗin kuma daga gwamnatin Birtaniya. An gwada shi a ƙananan hukumomi biyu, Dawakin Tofa da Wudil, a kan yara sama da 37,000 'yan aji huɗu zuwa aji shida. Abubuwa uku aka sa a gaba: karatun Hausa, da Turanci, da lissafi. Aiki ne na koyarwa, amma kuma bincike ne, domin an auna yaran kafin a fara, ana aunawa ana tafiya, an kuma rubuta abin da aka gani. Na karanta shi da idon mutumin kudancin Kano, ina tambayar kaina me zai ce wa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda gwajin farko bai je musu ba.

Tushen aikin daga Indiya yake. Ƙungiyar Pratham, wadda ta fara aiki a unguwannin talakawan Mumbai a tsakiyar shekarun 1990, ita ta gano cewa yawancin yaran da ke zuwa makaranta manhaja ta wuce su ta bar su a baya, malami yana bin littafin aji biyar alhali rabin ajin ba su gama da baƙaƙe ba. Maganin da ta kawo mai sauƙin faɗi ne: a koyar da yaro daga inda yake, ba daga inda shekarunsa suka ce ya kamata ya kai ba. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun shafe shekaru suna gwada wannan dabara a jihohin Indiya, kuma a watan da aka ƙaddamar da KaLMA a Kano aka sanar da ba Banerjee da Duflo lambar Nobel tare da Michael Kremer.

Awon da ake yi wa yaro shi ne abin da ya fara burge ni. Ba jarrabawa ce ta takarda da biro ba, wadda yaro zai leƙa ta maƙwabcinsa. Malami ne zai zauna da yaro ɗaya, takarda ɗaya a tsakaninsu. A jikinta akwai baƙaƙe warwatse, da kalmomi gajeru, da ɗan sakin layi, da gajeren labari. Yaro ya karanta da bakinsa, malami yana ji da kunnensa. Cikin 'yan mintoci an san matsayinsa: mafari ne da bai san baƙi ba, ko ya san baƙi bai iya haɗawa ba, ko yana karanta kalma, ko sakin layi, ko ya kai labari. Daga nan sai a rushe ajujuwa na tsawon sa'o'i biyu kowace rana, a zaunar da yara rukuni-rukuni gwargwadon matsayinsu. Ɗan aji shida da ɗan aji huɗu za su iya haɗuwa a tabarma ɗaya idan baƙi ɗaya ke ba su wahala. A lissafi kuma a koma ga tsinkaye, a ɗaure goma-goma, yaro ya kwance ɗauri da hannunsa ya ga abin da ake nufi da aro a cikin ɗebewa. Wanda ya ƙware a matsayinsa a ɗaga shi gaba, ba sai ƙarshen shekara ba.

Duk wanda ya yi makarantar allo zai ji wannan tsari bai zo masa baƙo ba. A gaban malamin allo, kowane yaro da nasa allon da nasa wurin da ya tsaya. Mai babbaƙu yana gefen mai farfaru, ba a ƙara wa kowa sai ya biya an ji, sannan ya wanke a rubuta masa na gaba. Ba wanda ake turawa gaba don kawai damina ta zagayo. Abin da boko ya zo da shi na haɗa yara bisa shekaru a kora su tare, wanda ya gane da wanda bai gane ba, shi ne baƙon abu a ƙasar Hausa. Don haka ina ganin iyaye a Badafi ko Yako ba za su sha wahalar karɓar wannan tsari ba, muddin aka bayyana musu shi da misalin da suka sani.

Sabon abin da KaLMA ya ƙara a kan dabarar Indiya, wanda kuma shi ne zuciyar wannan bita, shi ne koyar da Turanci ta hanyar harshe biyu: a ɗauki harshen da yaro ya zo da shi daga gida a mai da shi mataimaki wajen koyon na biyu. Wani zai ce ai malamanmu sun daɗe suna haka, suna karanta Turanci su fassara da Hausa. Gaskiya ne, amma a ɓoye suke yi, da jin kamar laifi ne, kuma da an hango motar masu duba makarantu sai a koma Turanci zalla. Fassarar da ake yi a ɓoye ba ta da tsari. Malami ne ke magana da harsuna biyu, yaro kuwa bai buɗe baki da ko ɗaya ba. Amfanin wannan aiki shi ne ya fito da Hausa fili, hukuma ta sa hannu, aka ba ta gurbi a jadawali, aka horar da malami yadda zai bi ta cikinta ya kai yaro ga Turanci.

Dalilin da ya sa hanyar take aiki ba ɓoyayye ba ne. Karatu sau ɗaya ake koyon sa. Ranar da yaro ya gane cewa waɗannan zane-zanen da ke kan takarda sautuka ne, kuma idan an jera su suna ba da maganar da ya sani, ya tsallake babban kogin. Rubutun Hausa na boko yana sauƙaƙa wannan tsallakawa, domin kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Turanci ba haka yake ba: wasali ɗaya yana iya fita da sauti uku ko huɗu, wasu baƙaƙen ana rubuta su ba a furta su. A ce yaron da bai san ma'anar kalma ba, bai taɓa jin ta a gida ko a kasuwa ba, shi ne zai koyi sirrin haɗa baƙi a kanta, an ɗora masa kaya biyu a lokaci ɗaya. Idan ya riga ya iya karanta Hausa, abin da ya rage masa shi ne kalmomin Turanci da ƙa'idojinsa, kuma yana da abin riƙewa: zai iya rubuta ma'ana a gefe, ya koma gida ya duba. Masanin nan na Kanada, Jim Cummins, ya yi bayanin wannan dogaro da harsuna ke yi da juna tun ƙarshen shekarun 1970.

Mu ma a nan kusa muna da shaida tun kafin haka. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin shekara shida a makarantar St. Stephen's da ke Modakeke, inda aka koyar da yara komai da Yarabanci tun daga aji ɗaya har aji shida, Turanci kuma a matsayin darasi. Littafin da suka fitar a 1989 ya nuna yaran ba su koma baya a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi gaba. A Nijar, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ana farawa da Hausa kafin Faransanci. Darajar KaLMA ita ce ya kawo wannan tsohuwar hujja cikin ajujuwan gwamnati na Kano, masu cunkoso da ƙarancin kujeru, da malaman da suke nan dama, ba wata makarantar gata da aka keɓe ba.

Sai annobar korona ta zo. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, aikin bai daɗe da kankama ba. A nan ne ya yi abin da ya sa nake ganin ya cancanci a kira shi bincike na cikin al'umma. Maimakon a naɗe tabarma a jira, sai aka juya darussan zuwa gida: shirye-shirye a rediyo, saƙonnin tes da na murya zuwa wayoyin iyaye, layin waya na kyauta da za a kira a saurari darasi, daga baya kuma takardun aikin gida. Wannan ya tilasta wa masu aikin su fuskanci tambayoyin da makaranta ta saba kauce musu. Wayar gidan a hannun wa take, kuma yaushe yake dawowa daga gona ko kasuwa? Wa zai zauna da yaro, uwa ce, ko yaya, ko ɗan maƙwabta da ya gama sakandare? Uwar da ba ta yi boko ba, wace rawa za ta taka? Darasin da ya zo da Turanci zalla yana mai da irin wannan uwa 'yar kallo a ɗakinta. Wanda ya zo da Hausa kuwa tana jin sa, tana iya cewa, "Sake faɗa in ji, ɗan nan," ta gane ko ya yi daidai ko bai yi ba. Da aka koma aji a farkon 2021, rahotannin aikin sun nuna ƙaruwar yaran da suka haura daga matakan ƙasa a karatu da lissafi.

Yabo ya tsaya nan, domin akwai abubuwan da aikin bai amsa ba, kuma mafi yawansu a kudancin Kano suka fi fitowa.

Na farko shi ne harshen gida. Dawakin Tofa da Wudil duk suna kewayen birni, inda Hausa ta mamaye gida da waje. Amma ka bi hanyar Jos, ka wuce Kwanar Ɗangora, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore ka nufi Riruwai, za ka tarar da wata Kano dabam. Akwai rugagen Fulani da yaro ke tashi da Fulatanci, sai ya fara kai nono kasuwa ko ya shiga makaranta sannan Hausarsa ta nuna. Akwai Kurama a ƙasar Doguwa, masu nasu harshen. Riruwai kuma tsohon garin haƙar kuza ne da ya tara mutane daga wurare da yawa. Ga irin waɗannan yara, Hausa ita ce harshe na biyu, Turanci na uku, ga Larabcin Islamiyya da yamma. Hujjar da aka kafa aikin a kanta, cewa yaro ya fi koyo da harshen da ya sani, ita ce kuma take tuhumarsa a nan. Ban ce Hausa ba za ta yi musu amfani ba, domin ko ba komai suna jin ta a kasuwa da masallaci da coci, abin da Turanci bai samu ba. Amma tsarin harshe biyu da aka gwada a Wudil ba za a ɗauke shi yadda yake a dasa a Doguwa ba sai an sake tambaya. Mu Hausawa da muke kukan an danne harshenmu da Turanci, bai kamata mu kasa jin irin wannan kuka daga bakin maƙwabtanmu ba.

Na biyu ya shafi takardar awon kanta. Baƙaƙen boko take aunawa. Yaron da ya yi shekara uku a gaban malamin allo, yana haɗa baƙin Larabci da wasalinsa ba gargada, za ta iya rubuta shi a matsayin mafari. Wannan yaro ba mafari ba ne. Ya riga ya san cewa zane yana ɗauke da sauti, ya san wasali yana juya baƙi, ya saba da zama ya maimaita har abu ya zauna. Idan da gaske ake cewa ƙwarewar karatu tana ƙaura daga harshe zuwa harshe, to tana ƙaura daga rubutu zuwa rubutu ma, kuma ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana rubutu da ajami ta cancanci a bincika mata wannan. A ganina babbar dama ce aka bari, kuma jami'o'inmu na Kano da Zariya su ya fi kamata su ɗauke ta.

Akwai kuma batun lokaci. Abin da aka samu a cikin aji watanni ne, kuma annoba ta raba su biyu. Watanni sun isa su nuna cewa yaro ya tashi daga baƙi zuwa kalma, ko daga kalma zuwa labari. Ba su isa su nuna ko zai fahimci darasin kimiyya da Turanci a ƙaramar sakandare ba. Babban nazarin da aka yi wa ƙasashen Afirka a 2006, wanda 'yar Nijar Hassana Alidou take cikin marubutansa, ya nuna yaro yana buƙatar shekara shida zuwa takwas yana koyon harshe na biyu a hannun ƙwararren malami kafin a mai da shi harshen koyar da shi komai. Mutanen Ife sun bi yaransu shekara da shekaru. Yaran Wudil da Dawakin Tofa na 2019 yanzu sun yi nisa a sakandare ko sun bar karatu, kuma bin sawunsu zai faɗa mana abin da awon wata shida ba zai faɗa ba.

Dabarar da aikin ya bi ta amfani da ɗaliban kwalejin ilimi su taya malamai koyarwa ta yi kyau ƙwarai, domin ɗalibin da ya fara aikinsa da sauraron yaro ɗaya-ɗaya ba zai zama malamin cika allo ba. Sai dai daga Kumbotso zuwa Wudil tafiya ce ta safe a dawo da yamma. Riruwai ba haka take ba. Wanda zai yi wannan aiki a can sai ɗan can.

Wannan ya kai ni ga abin da ya fi damuna, wato matsayin al'umma a cikin binciken. Rahotannin KaLMA da ke yawo da Turanci suke, an rubuta su don jami'ai da masu ba da tallafi. Aikin da ya tsaya a kan cewa mutum ya fi gane abu da harshensa, ya kamata sakamakonsa ya dawo wa iyayen yaran da Hausa, a karanta a taron kwamitin kula da makaranta, a gaban dagaci da liman da shugabar mata. A Indiya, tun 2005 Pratham take tura 'yan sa-kai gida-gida suna auna yara a gaban iyayensu, kuma an kwaikwayi wannan a Kenya da Mali da Senegal, har da Nijeriya. Amma akwai darasi mai ɗaci da aka samu a gundumar Jaunpur ta Jihar Uttar Pradesh: da aka tara mutanen ƙauye aka faɗa musu yaransu ba su iya karatu ba, aka tsaya nan, ba abin da ya canja a makarantun. Inda aka ga canji shi ne inda aka horar da matasan ƙauyen suka buɗe ajin karatu da kansu. Sanarwa kaɗai ba ta isa ba, sai an ba mutane aikin da hannunsu zai iya. Kuma ba mu rasa masu hannun ba. A Kiru da Bebeji da Tudun Wada akwai samari da 'yan mata masu shaidar malanta da ke zaune ba aiki, akwai malaman Islamiyya, akwai ƙungiyoyin ɗalibai na kowane gari da ke shirya darasin hutu. Takardar awon nan shafi ɗaya ce, kuma wanda ya gama sakandare zai iya koyon amfani da ita cikin 'yan kwanaki.

Muhawarar harshen koyarwa ta sake zafi a ƙasar nan. A watan Nuwamba na 2022 Ministan Ilimi Adamu Adamu ya sanar da cewa za a koyar da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci, bisa hujjar cewa yankunan da suka rungumi harshen uwa suna faɗuwa jarrabawa. Na fahimci tsoron da ke bayan wannan, domin shi ne tsoron kowane uba a Tiga ko Dadin Kowa: jarrabawar fita da Turanci ake yi, takardar neman aiki da Turanci ake cikewa, ba wanda yake so a rufe ɗansa a cikin Hausa. Amma awon farko na ayyuka irin KaLMA ya nuna inda gizo ke saƙa. Yaran da ake cewa Hausa ta hana su Turanci, da yawansu Hausar ma ba su iya karantawa ba. Ba a koyar da su da harshen uwa ba, an dai yi musu magana da shi. KaLMA bai ce a bar Turanci ba, Turancin yake nema wa yaro, ta hanyar da ƙafarsa za ta iya takawa.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma an ga gine-gine da gyaran ajujuwa. Idan za a kawo irin wannan aiki kudu, ina so a fara da Doguwa, inda ya fi wuya, ba inda ya fi kusa da birni ba. A tambayi kowane yaro harshen da ake yi masa magana da shi a gida kafin a miƙa masa takardar awo, a sa layin ajami a jikin takardar, a ɗauki masu koyarwa daga cikin garuruwan, har da masu jin Fulatanci da Kuramanci. A kuma tsara sa'o'i biyun nan da sanin cewa a Tudun Wada lokacin dashen shinkafa da yankanta aji yakan rage, kuma yaran rugage suna bin shanu idan rani ya yi tsanani.